Dan Gable, ɗan kokawar Amurka da ya ci zinare ba a ci shi maki ko ɗaya ba: tambayoyi da amsoshi

Idan aka ce kokawar Amurka, yawancinmu resilin ɗin talabijin ne ke faɗo mana a rai: ƙarti masu ihu, ana kwaɗa wa juna kujera, alƙalin wasa yana faɗuwa sumamme. Akwai wata kokawar daban a ƙasar, wadda yara ke farawa tun suna firamare, su ci gaba a sakandare da jami'a, zakarun cikinsu kuma su wakilci ƙasa a gasar Olamfik. A wannan duniyar babu sunan da ya kai na Dan Gable nauyi. Ga tambayoyin da masu son wasan suka fi yi a kansa.

Wane ne Dan Gable?

An haife shi ranar 25 ga Oktoba, 1948, a garin Waterloo na jihar Iowa, jihar masara da aladu a tsakiyar Amurka, inda sanyin hunturu ke kora mutane cikin ɗaki, kokawa kuma ta zama wasan da gari guda ke fita kallo. Kada sunan ya ruɗe ka: "Dan" ɗin nan ba namu ba ne na Ɗan Kano ko Ɗan Asabe, gajarta sunansa ne, Danny. Ya yi kokawa a sakandare da jami'a, ya ci gasar duniya a 1971, ya ci zinare a Olamfik ta 1972, sannan ya shafe shekara 21 yana horar da 'yan kokawar Jami'ar Iowa.

Mene ne bambancin kokawar da ya yi da resilin ɗin da muke gani a talabijin?

Resilin wasan kwaikwayo ne. An riga an tsara wanda zai ci tun kafin a hau dandamali, kodayake faɗuwar da raunukan na gaske ne. Kokawar su Gable babu tsari a cikinta, babu naushi, babu shuri, kuma a zamaninsa babu albashi. Wanda ya karɓi kuɗi don wasa a lokacin ya haramta wa kansa Olamfik. Ana yin ta a kan shimfiɗar roba mai kauri, an raba 'yan wasa rukuni-rukuni bisa nauyi, ana kuma auna kowa a sikeli kafin a kara.

Wanda ya saba da kokawarmu ta gargajiya, ko ya taɓa bin gasar takobi ta Nijar a rediyo, zai ga wani babban bambanci. A wajenmu da zarar an kai mutum ƙasa, magana ta ƙare, makaɗa su ɗauki kirari. A can kayarwa maki ne kawai, wasa yana ci gaba a ƙasa. Abin da ke kashe wasa nan take shi ne ka danne kafaɗun abokin karawarka guda biyu a kan shimfiɗa. In hakan bai samu ba, sai a ƙirga maki idan lokaci ya cika.

Ita kanta kashi uku ce. Akwai salon makarantun Amurka, wanda ke ba da lada ga wanda ya iya riƙe mutum a ƙasa ya hana shi tashi, har ana lissafa daƙiƙoƙin da ka yi a kansa. Akwai firistayil, wanda ake yi a Olamfik, inda aka yarda ka kama ƙafa, kuma mirgina mutum bayansa ya kalli ƙasa ke kawo maki. Sai salon Girkawa da Rumawa, wanda ya hana taɓa komai daga ƙugu zuwa ƙasa. Gable ya yi na farko a makaranta, ya yi na biyu wa ƙasarsa.

Wasu suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Kurt Angle ya ci zinare na gaske a Olamfik ta Atlanta a 1996 kafin ya shiga resilin, Brock Lesnar kuma zakaran jami'o'i ne a 2000. Gable bai taɓa bin wannan hanya ba.

Da gaske ne bai taɓa faɗuwa ba a sakandare?

Da gaske ne. A makarantar West Waterloo, ƙarƙashin koci Bob Siddens, ya yi wasa 64 ya cinye 64, ya zama zakaran jihar Iowa sau uku a jere: 1964, 1965 da 1966. Lokacin da ya ci na farko ɗan firit ne, a rukunin da bai wuce kilo 43 ba yake.

Ana cewa wani bala'i a gidansu ne ya mayar da shi haka. Me ya faru?

A ƙarshen watan Mayun 1964, yana ɗan shekara 15, ya bi iyayensa kamun kifi a bakin kogin Mississippi. Yayarsa mai shekara 19 ta tsaya a gida, da niyyar ta same su daga baya. Ba ta zo ba. Wani matashi ɗan unguwarsu ya shiga gidan ya kashe ta. A hanyar komawa Gable ya tuna wata magana maras daɗi da yaron ya taɓa yi masa game da yayar tasa, maganar da ya ɗauka shirmen samari ce bai gaya wa kowa ba. Ya faɗa wa mahaifinsa, aka sanar da 'yan sanda, aka kama yaron, kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Gidan ya nemi ya watse. Iyayen ba sa iya ko kallon ɗakinta. Gable ya kwashe kayansa ya koma ɗakin da kwana. Ya sha faɗa a hirarraki cewa daga nan ya ɗauki kokawa a matsayin abin da zai ba iyayensa su kalla, su samu abin magana wanda ba makoki ba. Ba na son a mayar da mutuwar yarinya ta zama wani sirrin nasara, kamar yadda wasu marubutan wasanni ke yi. Ya riga ya zama zakaran jiha watanni kafin abin ya faru. Sai dai shi da bakinsa ya ce ciwon shirun da ya yi bai taɓa barinsa ba, kuma daga baya, da ya zama koci, ya zama mutumin da ba ya raina ƙaramar alama a wajen yaransa.

To wa ya fara kayar da shi a kokawar makaranta?

Larry Owings, ɗalibin Jami'ar Washington, ranar 28 ga Maris, 1970, a garin Evanston na jihar Illinois. Wannan ne wasan da ya fi kowane shahara a tarihin kokawar jami'o'in Amurka, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Gable ya shiga Jami'ar Iowa State da ke Ames, ƙarƙashin koci Harold Nichols. Ya zama zakaran jami'o'i na ƙasa, wato gasar NCAA, a 1968 da 1969. Kafin wannan dare ya ci wasa 117 a jami'a ba faɗuwa. Haɗa da 64 na sakandare, 181 ke nan a jere, shekara bakwai ba wanda ya ga bayansa a wasannin makaranta. Wasan ƙarshe ne na rayuwarsa ta ɗalibi, a rukunin kilo 64. Mutum biyar da ya haɗu da su a kan hanyar zuwa wasan ƙarshe duk danne su ya yi, ba wanda ya kai ƙarshen lokaci.

A wancan zamani 'yan kokawa gudun rukunin Gable suke yi: wani ya ƙara nauyi, wani ya rage, don dai kada ƙuri'a ta haɗa su. Owings ya yi akasin haka. Ya rage nauyi da gangan don ya sauko inda Gable yake, ya kuma fito fili ya gaya wa 'yan jarida cewa ya zo ne don ya doke shi. Gable, wanda ba ya karanta abin da ake rubutawa a kansa, wannan karon ya karanta. Sannan dab da wasa gidan talabijin na ABC ya tsayar da shi ya yi musu ɗan tallan shirin, ya yi ta tuntuɓen harshe ana maimaitawa, lokacin ɗumama jiki yana tafiya.

Da aka fara, Owings ya zo masa da irin salonsa: matsi ba hutu. Ya yi gaba da maki 7 da 2. Gable ya farfaɗo ya kamo shi, har ya zama kamar zai tsira. Saura kamar rabin minti Owings ya ɗaga ƙafarsa ya kai shi ƙasa, ya kuma karkata bayansa na ɗan lokaci, ya kwashi maki a haɗe. Aka tashi 13 da 11. Gaba da gabanta. Lokacin ba da lambobi, Gable yana tsaye a matakin na biyu kansa a sunkuye, jama'ar zauren suka miƙe suna ta tafa masa.

Me ya sa ake cewa wannan faɗuwa ce ta gyara shi?

Domin shi ma haka yake cewa, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata shi. Kafin Owings, ƙarfi da juriya da iya danne mutum a ƙasa sun ishe shi. Bayan Owings ya zauna ya tsinke wasan daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya ga inda tsayuwarsa ke da ɓaraka, ya ga ba ya kare ƙafafunsa yadda ya kamata, ya ga kuma ya bar surutun waje ya shiga kansa. Firistayil da zai koma wasa ne da ake yawan yin sa a tsaye, kuma 'yan Tarayyar Sobiyet sun fi kowa iya hukunta irin waɗannan kurakurai. Da ya fita jami'a da 182 ba faɗuwa, ina ganin da a hannun wani Barashe zai koyi darasin, a wurin da ya fi tsada.

Atisayensa a shekaru biyun nan ya zama abin labari: kusan awa bakwai a rana, kwana bakwai a mako, gudu da asuba, ɗaga ƙarfe, sannan kokawa da duk wanda ya samu, har da waɗanda suka fi shi nauyi nesa ba kusa ba. In abokin atisaye ya gaji, sai a kawo wani. A 1971 ya ci zinare a wasannin nahiyar Amurka a Cali ta Kolombiya, ya kuma ci gasar duniya a Sofiya ta Bulgeriya. A farkon 1972 ya je Tbilisi ta Jojiya, gasar da a lokacin ake ganin ta kai ta duniya wuya saboda yawan 'yan Sobiyet a kowane rukuni, ya cinye ta a gidansu.

Yaya aka yi ya ci Olamfik ba a ci shi maki ba?

A Munich ta Jamus ta Yamma, a rukunin kilo 68, ya yi wasa shida. Ya je da gwiwar hagu mai rauni, wadda ya ƙi yarda a yi wa tiyata kafin gasar, ya sauya salon kai harinsa saboda ita. A wasan farko kansa ya fashe a saman ido, aka yi masa ɗinki, ya ci gaba. Uku daga cikin shidan danne su ya yi: ɗan Yugoslabiya, ɗan Girka da ɗan Polan. Ukun da suka kai ƙarshen lokaci kuwa, Bajamushe Klaus Rost ya sha 20 da nema, Kikuo Wada na Japan 6 da nema, sai Ruslan Ashuraliyev na Tarayyar Sobiyet 3 da nema a wasan ƙarshe. Wada ya ɗauki azurfa, Ashuraliyev tagulla.

A tuna cewa a lokacin wasa minti tara ne, zagaye uku na minti uku-uku, ba shida irin na yau ba. Minti tara gaban zakaran wata ƙasa, ba ka yi santsi sau ɗaya ba, ba ka bari an zagaya bayanka ba. Tawagar Amurka ta firistayil ta yi kyau a shekarar: Wayne Wells da Ben Peterson su ma sun ci zinare. An kammala wasanninsu kwanaki kaɗan kafin harin 5 ga Satumba da ya hallaka 'yan tawagar Isra'ila 11, cikinsu har da 'yan kokawa.

Daga nan ya daina wasa?

Kusan haka. Ya koma aikin horarwa, jikinsa kuma ya riga ya fara karɓar bashin da ya ci. Ya gwada dawowa a 1975, wani yaro ɗan shekara 18 daga Jami'ar Wisconsin mai suna Lee Kemp ya doke shi 7 da 6. Kemp ya zo ya zama zakaran duniya sau uku, saboda haka ba abin kunya ba ne. Gable bai je Olamfik ta 1976 a matsayin ɗan wasa ba.

Wanne ya fi girma, Gable ɗan wasa ko Gable koci?

A ganina koci, kuma da rata. A matsayin ɗan wasa akwai Amurkawan da suka tara abin da ya fi nasa. John Smith ya ci zinaren Olamfik biyu da gasar duniya huɗu, shekara shida a jere. Cael Sanderson, a jami'ar da Gable ya yi, ya gama da wasa 159 ba faɗuwa ko ɗaya a 2002, wato ya cika abin da Owings ya hana Gable. Amma abin da ya yi a kujerar koci wani abu ne daban.

Ya bar Iowa State ya koma wajen kishiyarta, Jami'ar Iowa da ke Iowa City, a 1972, a matsayin mataimakin Gary Kurdelmeier. Mutanen Ames ba su ji daɗi ba, kamar dai ɗan gida ya koma buga wa abokan hamayya. Wani attajiri, Roy Carver, yana zuba kuɗi a ƙungiyar kokawar jami'ar, abin da ya ba manyan 'yan wasa damar zama a garin suna atisaye bayan sun gama karatu. A 1976 Gable ya zama babban koci. Daga nan zuwa 1997 tawagarsa ta ci karawa 355, ta faɗi 21, ta yi kunnen doki 5. Ta ci kofin rukunin jami'o'in Big Ten sau 21, wato kowace shekara da ya yi a kujerar. Ta ci kofin ƙasa sau 15, tara daga ciki a jere, 1978 zuwa 1986. Yaransa sun ci kambin zakaran ƙasa na ɗaiɗaiku sau 45.

A 1987 suka fito neman na goma a jere, har da alamar X, goma a lissafin Rumawa, a jikin rigunansu. Wa ya tare su? Iowa State, tsohuwar makarantarsa. Sai da aka kai 1991 kafin kofin ya dawo hannunsa. Shekararsa ta ƙarshe, 1997, ya zo gasar a Cedar Falls, kusa da garin haihuwarsa, yana dogara sanduna bayan tiyatar ƙugu, da tawagar da masana suka ce ba ita ce kan gaba ba. Suka tara maki 170, adadin da ba a wuce ba sai a 2024, lokacin da Jami'ar Penn State, wadda Cael Sanderson ke horarwa, ta karya shi.

Mene ne sirrin horarwarsa?

Abin da ake kira salon Iowa ba ɓoyayye ba ne: ka matsa wa mutum tun daga busa ta farko, hannunka kullum a wuyansa kana jan kansa ƙasa, kana tura shi baya, har ƙafafunsa su yi nauyi a zagaye na uku, sannan ka kwashi makinka. Kowa ya san abin da za su yi, hanawar ce ta gagara, domin sai ka yi irin wahalar da suka yi a ɗakin atisaye kafin ka iya jurewa. Tsofaffin yaransa kuma suna yawan faɗin wani abu da ba a cika kawowa ba: ba ya yi wa kowa kuɗin goro. Wani tsawa ke tayar da shi, wani lallashi, wani a ƙyale shi ya huta kwana biyu, kuma Gable ya san wane ne wane.

Akwai abin suka. Irin wannan matsi ya bar mutane da yawa da gwiwoyi da kafaɗu da suka lalace, shi kansa an sauya masa ƙugu, an kuma yi masa tiyata iri-iri. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da nasara ta yi yawa, tarbiyyar wasu 'yan tawagar a wajen fili ta yi sako-sako, kuma ya amsa cewa ya saki linzami.

Su wane ne fitattun yaransa?

Tagwaye Ed da Lou Banach sun ci zinare a Olamfik ta Los Angeles a 1984, haka ma Randy Lewis, Barry Davis kuma ya ci azurfa. Gable ne kocin tawagar firistayil ta Amurka a shekarar, suka ci zinare bakwai, kodayake gaskiya ita ce Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta sun ƙaurace wa gasar. Shi ne kuma kocin tawagar 1980 da ba ta je Mosko ba saboda ƙauracewar Amurka. Wasu tagwayen, Tom da Terry Brands, sun zo daga baya: Tom ya ci zinare a 1996, Terry tagulla a 2000. Tom ne ke riƙe da kujerar Gable a Iowa tun 2006.

Akwai wanda labarinsa ya taɓo Najeriya. Lincoln McIlravy, zakaran jami'o'i sau uku a hannun Gable, ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Ankara a 1999, ya faɗi a hannun Daniel Igali, haifaffen jihar Bayelsa da ke yi wa Kanada wasa. A Olamfik ta Sidni a 2000 suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe, Igali ya sake cinye shi, ya wuce ya ɗauki zinare, McIlravy ya tsira da tagulla. Igali ya dawo gida daga baya ya shugabanci hukumar kokawa ta Najeriya.

Me yake yi tun da ya bar horarwa?

Ya zama kamar jakadan wasan. A Fabrairun 2013 shugabannin kwamitin Olamfik na duniya suka ba da shawarar a cire kokawa daga wasannin 2020, abin da ya haɗa Amurka da Rasha da Iran a layi ɗaya, abin da ba kasafai ake gani ba. Gable yana cikin waɗanda suka yi ta yawo suna magana, kuma a Satumbar shekarar, a taron Buenos Aires, aka mayar da ita. Akwai gidan tarihin kokawa mai sunansa a Waterloo, da mutum-mutuminsa a ƙofar zauren Carver-Hawkeye inda Iowa ke wasanninta. A Disambar 2020 Shugaba Donald Trump ya ba shi lambar yabo ta 'yanci, mafi girma da ake ba farar hula a Amurka.

Sunan ma ya yi 'ya'ya. Gable Steveson, wanda ya ci zinaren masu nauyin kilo 125 a Olamfik ta Tokyo da kayarwa a daƙiƙar ƙarshe, cikakken sunansa Gable Dan Steveson ne. Iyayensa sun raɗa masa sunan tun kafin a san zai taka shimfiɗa.

Shi kuma Larry Owings, ina ya ƙare? Sun sake haɗuwa?

Owings ya sake kai wa wasan ƙarshe na jami'o'i a 1971 da 1972, ya faɗi duka biyun. Kambinsa ɗaya ke nan, na daren Evanston. Ya koma jiharsa ta Oregon ya zama malamin makaranta.

Sun sake haɗuwa sau ɗaya, a gasar zaɓen waɗanda za su wakilci Amurka a Munich, a 1972. Gable ya ci 7 da 1. A wasanni 21 da ya yi daga matakan zaɓen har zuwa zinaren Olamfik, ya danne mutum 12, sauran taran kuma ya tara maki 130 a kansu, aka ci shi 1. Wannan ɗayan na Owings ne.